Ido Ya Riga Hannu: Nazari Kan Yara, Yumɓu da Ƙwarin Gwiwa

Duk wanda ya taɓa raba wa yara curin yumɓu ya san abin da ke biyo baya. 'Yan shekara 4 zuwa 6 ba sa jiran umarni. Kafin malami ya rufe baki sun mulmula, sun murza, sun soka ƙaya a madadin ƙaho, sun ce ga saniya, ga tukunyar Inna, ga Baba a kan babur. In ka ce saniyar ƙafa uku gare ta, sai a amsa maka cewa ta huɗun ta ɓuya ne a baya. Amma 'yan shekara 10 zuwa 12, waɗanda yatsunsu suka fi ƙwari, idonsu ya fi sanin kauri da tsawo, su ne za ka tarar suna jujjuya curin a hannu, suna satar kallon na kusa da su, su fara su rushe, can sai wani ya ce, "Malam, ni fa ban iya ba." Iyawa ta ƙaru, ƙwarin gwiwa ya ragu. Abin da nake so in kafa a nan shi ne, wannan raguwa ba mutuwar baiwa ba ce. Ido ne ya riga hannu girma, kuma abin da ke cike giɓin shi ne koyar da dabara da ba yaro aikin gaske. Yabo ba ya cike shi.

Malaman fasaha sun daɗe da lura da al'amarin, ko da yake yawancinsu ta fuskar zane suka dube shi. Viktor Lowenfeld, mutumin Ostiriya da ya koma koyarwa a Amurka, ya fitar da littafi a 1947 inda ya kasa zanen yara mataki-mataki: jagwalgwalo daga shekara 2 zuwa 4, sai laluben siffofi har zuwa 7, sai lokacin da yaro ke kafa tasa hanyar zana mutum da gida da itace ya yi ta maimaita ta har zuwa 9. Daga 9 zuwa 12 ne, a lissafinsa, yaro ke fara son abin da ya zana ya yi kama da abin da ido ke gani, kuma a daidai nan ne maganar tsararsa ke fara yi masa nauyi. Daga baya Howard Gardner da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka ce tafiyar tana da siffar harafin U: ɗan shekara 5 yana sama, na tsakiyar firamare ya gangara ƙasa, sannan 'yan kaɗan da suka zama masu fasaha su sake haurawa. Jessica Davis ta gwada wannan a binciken da ta wallafa a 1997, alƙalanta kuma suka sa zanen 'yan shekara 5 kusa da na ƙwararrun manya ta fuskar kuzari da bayyana abin da ke zuci.

Sai dai ba a bar maganar ta kwanta ba. David Pariser da Axel van den Berg sun sake irin gwajin a Montiriyal ta Kanada, suka sa alƙalai 'yan asalin Sin, sai harafin U ya ɓace. Waɗannan alƙalai sun fifita gwaninta, don haka a idonsu aikin yaro gaba yake yi da shekaru. Ashe gangarowar da aka gani tana da nasaba da ɗanɗanon Turawan ƙarni na 20, masu ganin kyau a karkataccen zanen ƙananan yara. Wannan gyara yana da muhimmanci gare mu, domin maginiyar tukwane a Mirriya ko magini a Dawakin Tofa ba zai taɓa cewa kaskon ɗan shekara 5 ya fi na ɗan shekara 11 ba. Aikin bai lalace ba. Zuciyar mai aikin ce ta yi sanyi, kuma ita ya kamata a bincika.

A nan hujjojin sun fi ƙarfi. Janis Jacobs da Jacquelynne Eccles da abokansu sun bi yara sama da 700 a Amurka shekara da shekaru, suka wallafa sakamakon a 2002: yadda yaro ke kimanta iyawarsa a lissafi da harshe da wasanni yana raguwa daga ajin farko na firamare har zuwa ƙarshen sakandare. Ba fasaha kaɗai abin ya shafa ba ke nan. Ƙaramin yaro yana cika bakinsa ne saboda bai fara auna kansa da wasu ba. Binciken Diane Ruble ya nuna sai wajen shekara 7 ko 8 yara ke soma amfani da aikin tsaransu wajen yanke wa kansu hukunci. John Nicholls kuma ya gano wani abu a 1978 da nake ganin shi ne mabuɗin "ban iya ba". A wurin ɗan shekara 5, wanda ya fi ƙoƙari shi ne gwani. Amma wajen shekara 11 zuwa 13 yaro kan fahimci cewa idan mutum biyu suka kai matsayi ɗaya, wanda ya fi shan wahala kafin ya kai shi ne mai ƙarancin baiwa. Daga ranar da wannan tunani ya shiga kansa, a gan shi yana fama ya zama abin kunya. Gara ya mayar da abin wasa, ya mulmula ƙwallo ya jefi abokinsa, ko ya gina abin ban dariya da gangan, da a ce ya dage kuma ya kasa. Malamai da yawa suna karanta wannan a matsayin iskanci, alhali kare mutunci ne irin na yaro.

Wani abin sha'awa shi ne da yumɓu Jean Piaget da Bärbel Inhelder suka yi ɗaya daga cikin shahararrun gwaje-gwajensu, wanda suka wallafa a 1941. A nuna wa yaro curi biyu daidai wa daida, a murza ɗaya a gabansa ya yi tsawo, a tambaye shi wanne ya fi yawa. Ƙarami zai ce dogon. Sai wajen shekara 7 zuwa 8 yake gane yawan bai canza ba, nauyi sai wajen 9 zuwa 10, girman wurin da abin ke cikawa kuwa sai 11 zuwa 12. Waɗannan shekaru na yaran Jeniba ne, kuma ba doka ba ce. Douglass Price-Williams, wanda ya taɓa yin irin wannan bincike a kan yaran Tibi a Najeriya, ya nuna tare da abokansa a 1969 cewa 'ya'yan maginan tukwane a Meziko suna riga tsararsu gane cewa yawan yumɓu ba ya canzawa don an sauya masa siffa. Hannun da ya saba cuɗa shi ke koya wa kai. Amma a lura da ɗaya gefen: hankalin da ya iya haɗa tsawo da kauri a lokaci guda, shi ne kuma zai ga ƙafar saniyarsa ta yi siriri ga jikinta, tozon ya karkace, wuyan ya yi gajarta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a wannan shekaru ne ya fara saninta. Hannu kuwa yana nan inda yake tun bara.

Claire Golomb na cikin 'yan kaɗan da suka nazarci ginin yara da yumɓu kai tsaye, tun daga littafinta na 1974. Ta lura ƙananan yara suna cike abin da hannu bai yi ba da baki, su ba da labarin sassan da babu su. Ta kuma nuna cewa yawan kwantar da siffar mutum a kan tebur da yara ke yi ba rashin fahimtar gaba da baya ba ne. Tsayar da abu mai ƙafa biyu da laushin yumɓu ne ke da wuya, shi ya sa dabba mai ƙafa huɗu ta fi saurin tsayuwa a hannunsu. Wato matsalar ta dabara ce. Babban yaro ya wuce cikewa da baki, ya san labari ba zai tsayar da abin da ya faɗi ba, kuma in ba a nuna masa yadda ake yi ba, sai ya ɗauka aibin a jikinsa yake.

Yumɓu kuma yana da nasa hukunci da takarda ba ta da shi. Yayin bushewa yakan tsuke da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, gwargwadon irinsa. Inda ya yi siriri ya riga inda ya yi kauri bushewa, sai tsaga ta fito a mahaɗarsu. Hannun da aka manna ba tare da an karce wurin an shafa kunun yumɓu ba zai ɓalle da kansa. A lokacin hunturu, abin da aka bari a iska kan tsage cikin dare guda. In an kai ga wuta, ɗanshin da ya rage a ciki ya zama tururi ya fasa abin, kuma wajen digiri 573 a ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin yashin da ke ciki sukan kumbura farat ɗaya, su sake tsukewa wajen hucewa. Don rage wannan ɓarna ne magina ke haɗa yumɓu da dakakken tsingaro ko yashi ko ƙaiƙayi, wasu wuraren har da kashin jaki. Ɗan shekara 5 bai damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin shi aikinsa ya ƙare a lokacin da yake yin sa. Gobe ma ya manta da saniyar. Ɗan shekara 11 shi ne zai dawo da sassafe ya duba, ya tarar da tsaga. Saboda haka duk malamin da ya raba wa manyan yara ɗanyen yumɓun bakin rafi ba haɗi, ya ce kowa ya gina abin da ya ga dama, ya shirya musu faɗuwa ne da hannunsa, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Yumɓun kanti mai launi-launi, irin wanda William Harbutt ya ƙirƙiro a Ingila a 1897, ba ya bushewa balle ya tsage. Ya dace da 'yan nazare, amma ba ya koya wa babban yaro komai game da kauri da haƙuri, kuma ba a shan ruwa a cikinsa.

Yanzu a dubi gidan magina, inda ba a taɓa jin sunan Piaget ba. Yarinya ko yaro yana farawa ne daga gefen aikin: rakiya zuwa haƙo yumɓu, dakan tsingaro, ɗebo ruwa, tara kara da ciyawar gashi. Ana nan sai a gutsura masa ɗan curi ya yi 'yar tukunyar wasa. Sai ƙaramin kasko, sai asusu, sai tukunyar miya. Tulu mai wuya da randa sai hannu ya nuna. A wurare da dama a ƙasar Hausa ana kifa tsohuwar tukunya a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a bayanta ana bubbugawa har ya ɗauki siffarta, sannan a ɗora sauran jiki da wuya da murzazzen yumɓu. Ga mai koyo wannan babban rangwame ne, domin gindin ya samu siffa tun kafin hannu ya ƙware. Babba ya gyara baki, abin ya shiga wuta tare da na kowa, ya je kasuwa, wani ya ciro kuɗinsa ya saya. Albert Bandura ya ce a 1977 yardar mutum cewa zai iya wani aiki tana fitowa ne daga nasarar da ya taɓa samu da kansa, da ganin irinsa ya yi, da maganar mutane, da yanayin jikinsa, kuma ta farkon ta fi duka ƙarfi. Gidan magina yana samar da ita tun da wuri, ba tare da kowa ya tambayi yaro ko yana da baiwa ba.

Ba ina cewa can aljanna ba ce. Hélène Wallaert, wadda ta nazarci maginan Dii a arewacin Kamaru, ta kwatanta koyon da ke farawa wajen shekara 7 ya ɗauki shekaru, uwa ba ta yawan bayani, ba a kuma son yawan tambaya. Akwai tsawa, akwai aikin da ke hana yaro zuwa makaranta, ga roba da alminiyom sun karya kasuwar. Kuma irin wannan koyo yana kafa hannu a kan hanya ɗaya. Olivier Gosselain, wanda ya yi bincike a Kamaru da Nijar, ya nuna magina kan sauya ado cikin sauƙi in sun ga na wasu, amma yadda suke tayar da jikin tukunya, wanda suka koya tun suna yara, da wuya ya canza.

Da wuya, amma ba ya gagara, kuma a nan nake da ja da masu kawo karin maganar icce tun yana ɗanye a kowace magana ta tarbiyya. Ladi Kwali ta koyi gini da hannu a wurin 'yar'uwar iyayenta tun tana ƙarama a ƙasar Gwari, har sunanta ya kai fadar Sarkin Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. A 1954, tana wajen shekara 30, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin, mace ta farko a wurin, ta zauna gaban injin juyi a matsayin 'yar koyo. Ba ƙaramin abu ba ne, domin binciken Valentine Roux a Indiya ya nuna ƙwarewa a kan wannan juyi kan ci shekara 10. Ta koya, ta kuma ci gaba da gina manyan tulunanta da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta na bayan takardar naira 20. Abin da ya ba ta zuciyar komawa 'yar koyo, a ganina, shi ne ta riga ta san yadda rashin iyawa ke zama iyawa, domin ta taɓa bin hanyar.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanta da yaron Bahaushe waɗanda binciken Amurka ba zai gani ba. Shekarun da ido ke buɗewa su ne shekarun da ake fara ce masa ya girma, ya daina wasa da ƙasa. Yarinyar da jiya ake dariyar tuwon ƙasarta yau ana ce mata ta tashi ta hura wutar gaske. Kunya ma ta fara aiki, kuma ɗan shekara 11 da ya sunkuyar da kai ya ce bai iya ba a gaban babba, wani lokaci ladabi yake yi. A duba hannunsa kafin a yarda da bakinsa. Sannan ga batun sura. Malaman Malikiyya sun hana ƙera cikakkiyar surar abu mai rai da ke da inuwa, amma sun yi sassauci a kan 'yar tsanar yara, bisa abin da ya tabbata cewa Nana A'isha tana da kayan wasa irin wannan. Don haka shanun laka na ƙananan yara ba kasafai ake tanka musu ba, amma da yaro ya doshi balaga, iyaye da yawa ba za su so ya shigo gida da mutum-mutumi ba. Malamin da ya yi biris da wannan zai sa yaro tsakanin umarnin aji da na gida.

Ni kuwa ina ganin wannan iyaka ta zo da alheri a ɓoye. Rikicin shekara 9 zuwa 12 rikicin kamanni ne: dokina bai yi kama da doki ba. Kasko kuwa ba a tambayar da me ya yi kama. Ana tambaya ne ko ya zauna daram, ko kaurinsa ɗaya ne, ko ya riƙe ruwa, ko ya fito daga wuta lafiya. Waɗannan ma'aunai ne da yaro zai duba da kansa, kuma kowannensu akwai dabarar da ke gyara shi. Mayar da manyan yara ga asusu, kaskon turare, tanda, shantali, ko allon yumɓu mai zanen dagi irin na bangon gidajen Zariya da Kano, yana fitar da su daga gasar da hannunsu bai isa ba tukuna, ya sa su a wadda maimaitawa ke biya.

Yadda za a tafiyar da aji ya biyo bayan wannan. Ƙanana a ba su yumɓu mai yawa da lokaci, a saurari labarin abin da suka gina, kada a sa hannu a gyara musu. Manya kuwa koyarwa suke so, ta zahiri: ga yadda ake cuɗawa a fitar da iska, ga yadda ake auna kauri tsakanin babban yatsa da manuni, ga yadda ake rufewa da jiƙaƙƙen tsumma a shanya a inuwa. A nuna a kan wani curi daban, ba a kan nasu ba. A sa su gina siffa ɗaya sau da yawa, a yanka wasu gida biyu da zare a dubi bangon tare, a jiƙa a sake cuɗawa, tunda yumɓun da bai ga wuta ba bai ɓaci ba. A ajiye na farkon zango a jera shi da na ƙarshe, yaro ya auna kansa da kansa. Game da yabo, Claudia Mueller da Carol Dweck sun nuna a 1998 cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya da saurin karaya bayan faɗuwa, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Ɗan shekara 11 ma ya san "kai, ya yi kyau!" na ƙarya, kuma yana rage darajar mai faɗa. "Gindin nan ya zauna, bakin ne ya yi siriri ta nan" ya fi masa amfani, domin an ɗauke shi a matsayin mai aiki.

Cikas ɗin yana makaranta. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya tana da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma ginin yumɓu yana ciki. Amma darasin minti 35 ko 40 ba ya ɗaukar aikin da ke buƙatar kwanaki kafin ya bushe, aji mai cunkoso ba shi da inda za a ajiye, kuma da yawa daga cikinmu sun ga yadda "aikin hannu" ya koma kawo tsintsiyar kasuwa, daga baya ma kuɗinta. Ana iya haɗa darussa biyu, a ware lungu mai inuwa, a ɗauko maginin unguwa ya jagoranci gashi sau ɗaya a zango, yara su ga cewa nasa ma wasu na fashewa. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne malamin kansa. Galibi shi ma yaro ne da ya ajiye yumɓu yana shekara 11, ya wuce kwalejin horon malamai bai sake taɓa shi ba. Da aka ba shi darasin sai ya zana tukunya a allo, ya rubuta matakan gini, yara suka kwafa, aka yi jarrabawa a kai, aka ba da maki.